Fijo 504 ta Baba: kunnen bakanike ya isa shaida?

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Jama'a, shawara nake nema wurin waɗanda suka san tsofaffin motoci. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Peugeot 504 salun, fara, haɗin Kaduna, wadda ya saya sabuwa dal a 1984 lokacin yana aikin gwamnati. Shekara tara ke nan tana ajiye a ƙarƙashin rumfar kwano a gidanmu na Zariya, tun sa'ad da idonsa ya raunana ya bar tuƙi. Yanzu an zo rabon gado. Yayana ya ce a kira 'yan gwangwan su auna ta a kilo kowa ya huta, ni kuma na ce a yi mata kuɗi a sa a cikin kasona. A cikinta aka fara kai ni makarantar kwana, a cikinta aka ɗauko mini amarya. Amma ba na son in rungumi abin da zai cinye kuɗin makarantar yara. Jiya na kawo bakanike, ya sa batir, ya ɗiga fetur a kafireta, a bugu na huɗu ta tashi. Ya kasa kunne kamar minti biyu, ya ce inji lafiya lau, fenti kawai take so. To shi ke nan? Haka ake gane lafiyar injin da ya haura shekara arba'in?

Ɗan Kakuri: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ɗana, da ka tambaya kafin jiya da na ce kada a taɓa makunnin nan tukuna. Motar da ta shekara tara a tsaye, bakin man da ke jikin silinda ya tsiyaye ƙasa tuntuni, ƙarfe ne zai goga ƙarfe. Abin da ake yi shi ne a cire fulogi huɗun, a zuba bakin mai cokali ɗaya a kowane rami, a bar shi ya kwana, washegari a juya injin da sifana a hankali a ji ko akwai inda ya cije. A zubar da tsohon bakin mai, a wanke tanki, domin fetur ɗin da ya daɗe yakan koma kamar ƙaro ya toshe ko'ina. To an riga an tayar, Allah ya kyauta. Kada a sake tayarwa sai an canza mai da filta.

Oga Na Panteka: Allah ya gafarta wa Baba. Ni fa ban ga laifin bakaniken ba. Shekara talatin ina kwance injin Fijo ina ɗaurawa. Idan 504 ta tashi, ina tsaye a bakin gareji zan gaya maka tafet ne ke kuka, wato abin da ke danna bawul, ko kacar taimin ce ta saki, ko mital ne ke bugawa, wato boris ɗin ƙasan inji. Kowanne da muryarsa. Tafet ƙas-ƙas ne a sama, kaca shuu take yi daga gaba, mital kuwa dum-dum ne daga ƙasa, yana ƙaruwa in ka taka totur. Wanda ya iya, kunnensa ya ishe shi.

Injiniya Mai Geji: Oga, ban raina kunnenku ba wallahi, na sha ganin tsofaffin kanikawa sun kama abin da ni ban ji ba. Amma kunne abin da ke ƙara kawai yake kamawa. Bawul ɗin da ba ya rufewa sosai ba ya ihu. Zoben fistin da ya cinye ba ya ihu. Gaskit ɗin da ya fara sakin ruwa kaɗan-kaɗan ba ya ihu. Waɗannan ukun kuwa su ne ke cin kuɗi. Minti biyu a silo, wato tana tsaye ba a taka totur ba, ba lodi, inji bai ma yi zafi ba, wannan gaisuwa ce kawai aka yi da motar.

Baban Ummi, nemi wanda ke da gejin auna matsin silinda. Ga yadda ake yi: bayan an canza mai, a bar injin ya yi zafi, a kashe, a cire fulogi duka huɗu, a zare wayar kwayil, mutum ɗaya ya take totur har ƙasa yana murza makunni, ɗaya ya riƙe geji a ramin fulogi. Batir ya zama cike yake. Ka rubuta abin da kowace silinda ta bayar. Lafiyayyen inji irin wannan yakan ba da wajen 10 a ma'aunin matsi na bar, wato kusan 145 a ma'aunin psi, ko sama kaɗan. Zariya tana kan tudu fiye da Legas, saboda haka in ya ɗan gaza kada ka tsorata. Abin da ya fi muhimmanci shi ne huɗun su zo kusa da juna, tazarar kada ta wuce kashi goma cikin ɗari. In ɗaya ta faɗi, a ɗiga mata bakin mai kaɗan a sake aunawa. Ta tashi sosai, zobe ne. Ba ta motsa ba, bawul ne. In kuma biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu.

Oga Na Panteka: Duk wannan da ka lissafa, hayaƙin salansa zai gaya mini. Shuɗi, tana shan bakin mai. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan ta yi zafi, ruwa ne ke shiga. Baƙi, fetur ya yi yawa. Ba sai na sayi geji ba.

Injiniya Mai Geji: Hayaƙi zai ce maka akwai ciwo, Oga, amma ba zai ce maka a wace silinda ba. Shi ya sa ake sauke inji gaba ɗaya a kan abin da sifana ɗaya za ta gyara.

Hajiya Maman Sadiq: Allah ya jiƙan magabata. Ni ba bakanikiya ba ce, amma da 504 na koyi tuƙi, mai giya a jikin sitiyari, ta maigidana. Shekara goma sha ɗaya ina zuwa makarantar da nake koyarwa da ita. Baban Ummi, ka ɗaga tabarmar ƙasa ka duba. Tamu injinta bai taɓa ba mu kunya ba, tsatsa ce ta raba mu. Ruwan damina yana shiga ta robar gilashin gaba, yana kwanciya a ƙarƙashin kafet ba mu sani ba. Ranar da na ɗaga, ina hango ƙasa ta ramin da ke gefen fedar kuloci. Mai walda ya duba ya ce inda ƙafar gaba ke riƙe da bodi ma ya ruɓe. Nan muka haƙura.

Ɗan Kakuri: Hajiya ta faɗi babbar magana. 504 salun ba ta da shasi daban kamar babbar mota, bodin shi ne ƙashin bayanta. Inji ko ya mutu murus ana ta da shi. Bodi in ya ruɓe a inda shokazoba ke ɗaure, ko a dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, ko inda ƙafar baya ke kamawa, to aikin ya fi ƙarfin fenti. Ka sa a ɗora ta a kan rami, ka shiga da kanka da tocila da sukundireba, ka riƙa caka duk inda ka ga ya kumbura. Ƙarfe mai lafiya zai yi ƙara, ruɓaɓɓe zai burme. Ka cire tayar safaya ka duba but. Alhamdu lillahi mu nan Arewa ba mu da iskar gishiri irin ta bakin teku, kuma ka ce rumfa take, ina kyautata zato.

Bari in ɗan yi muku tarihi, tunda a unguwar na yi ƙuruciyata. A 1968 aka fito da 504 a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Kamfanin Fijo na Najeriya, PAN, da ke unguwar Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, shekarar da direba Ove Andersson ya ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya da 504. Faransawa sun daina yin salun ɗin a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har sama da shekara ashirin bayan nan. Shi ya sa har gobe kayanta ba su ɓata ba a kasuwannin Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Ba don kyanta aka so ta ba kawai. Ƙafafunta suna da dogon zango, tana shanye gargada, kuma injinta an yi shi ne don a gyara. Silindojin ba a jikin buloki aka fafe su ba, hannun riga ne guda huɗu da ake zarewa, waɗanda kanikawa ke kira silib, ruwa yana zagaye su kai tsaye. In sun cinye, a zare a sa sababbi da fistin da zobe, inji ya koma ango ba tare da an kai buloki wurin masu fafewa ba.

Baban Ummi: Na gode Baba, na gode Hajiya. Ina rubutawa duka. Asabar zan je Zariya in sha Allahu.

Sabon Jini: Ku yi haƙuri iyayena, ni zan faɗi abin da wasu ke tunani. Me ya sa za a wahala? A cire injin nan a sa na Toyota ɗan Kwatano mai injekta. Ba ruwanka da kafireta, ba ruwanka da kwantak mai sakin wuta zuwa fulogi, mai kaɗan za ta sha, ga sanyin AC. A kuɗin fetur na yanzu wa zai iya ciyar da 504?

Oga Na Panteka: Yaro, na ga irin wannan aikin ya fi a ƙirga, kuma kaɗan ne suka yi daɗin ƙarshe. Farfelar 504 ba a fili take ba kamar ta sauran motoci, a cikin bututu take tun daga giyabos har aksul, kuma bututun yana cikin abin da ke riƙe da komai a layi ɗaya. Injinta ma a kishingiɗe yake gefe guda, shi ya sa bonet ɗin ya kwanta. Ka kawo inji mai tsayuwa tsaye da giyabos ɗin da ba nata ba, sai yanka da walda da ƙirƙirar faranti. Wata uku ana jin daɗi, daga nan sai rawar jiki, sai cin boris. Kuma in ka tashi sayarwa, mai son 504 ba zai saya ba, mai son Toyota ba zai saya ba.

Injiniya Mai Geji: A nan kam ina bayan Oga ɗari bisa ɗari.

Sabon Jini: To maganar mai fa? Ba wanda ya amsa.

Direban Maraɗi: Ni in amsa maka, ƙanena. Na yi shekaru ina jan 504 doguwa mai kujeru layi uku tsakanin Maraɗi da Katsina, ta Ɗan Isa da Jibiya, kafin nan kuma na ja akori-kurarta da mu ke ce ma bashe. In kafireta na daidai, taimin na daidai, taya na da iska, a doguwar hanya lita 10 zuwa 12 ni ke ƙonewa a kilomita 100, da fasinja da kaya. Cikin gari ta fi haka. Ba ta kai ƙananan motocin yanzu tsimi ba, gaskiya ce, amma wadda ka ji tana shan lita ashirin ba halinta ba ne, ciwo gare ta. Kuma kada a yarda da allurar dashbod. A cika tanki har baki, a rubuta kilomita, a yi tafiya, a dawo a sake cikawa har baki a famfo guda, a raba. Wannan shi ne awo.

Baban Ummi, ni abin da zan ƙara, mota ba a gareji a ke sanin ta ba. Sai an ɗora mata mutum huɗu an hau tudu da rana tsaka.

Baban Ummi: Jama'a na dawo daga Zariya, ga rahoto. Mun canza bakin mai da filta, mun sauke tanki. Abin da ya fito daga ciki ja ne kamar shayi, da wari irin na tsohon fenti, da garin tsatsa kusan cikin gwangwanin madara. Tsohon bakin man baƙi ne ƙirin amma ba ruwa a ciki, murfin ma ba wannan farin kumfa mai kama da madara. Na shiga rami da kaina kamar yadda Baba Ɗan Kakuri ya ce. Ƙasan lafiya, sai wani wuri kamar tafin hannu a cikin but inda sukundireba ta shige. Na samo geji wurin wani malami da ke koyar da aikin mota. Daga gaba zuwa baya: 10, sai 7, sai 9.8, sai 10.2. Mun ɗiga mai a mai bakwai ɗin, ta koma 7.3 kawai. Bakaniken ya ce a sauke inji a yi obaholin, wato a kwance shi a gyara gaba ɗaya. Gabana ya faɗi.

Injiniya Mai Geji: Kada gabanka ya faɗi, wannan labari ne mai daɗi. Uku suna nan daram, wato zobe da silib ba su mutu ba. Mai bakwai ɗin kuma bakin mai bai ɗaga ta ba, ke nan ba zobe ba ne, ta sama iskar ke gudu. Maƙwabtanta ba su faɗi ba, ba ruwa a mai, da wuya ya zama gaskit. Bawul ne. Oga, ga abin da nake faɗa: kunne ya ce lafiya lau, alhali silinda guda kashi talatin cikin ɗari na ƙarfinta ya tafi.

Oga Na Panteka: Kunnen da ya saurara ne bai kai ba, Injiniya. Da ni ne, zan zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya tana silo, wadda na zare injin bai canza murya sosai ba na san ita ce raggo. In sa tafin hannu a bakin salansa in ji tana tsotsa. Amma na yarda, lambar da geji ya bayar ta hana gardama, kuma ita za a nuna wa magada. Abin da ban yarda da shi ba shi ne obaholin. Wane irin obaholin a kan bawul guda?

Kafin a kwance ko ƙusa ɗaya ta kan inji, a buɗe murfin sama a duba tafet. Sau da yawa wani ya taɓa ɗaure shi tamau don ya kashe ƙara, sai bawul ya kasa zama a mazauninsa. Motar da tafet ɗinta ya yi tsit gaba ɗaya ni tsoronta nake ji. Gara in ji ɗan ƙas-ƙas.

Ɗan Kakuri: Oga ya yi daidai. A yi shi da sassafe, inji da sanyi, ya kwana ba a tayar ba. Tazarar bawul na shiga 0.10 na milimita, ta na fita 0.25. A nemi filageji na gaske, siraran ƙarafan auna tazara, kada a yi da reza ko kwalin sigari. Sannan a kula, Faransawa daga baya suke ƙirga silinda, lamba ɗaya ita ce ta wajen giyabos. Wadda ka ce ta biyu daga gaba, a lissafinsu ita ce ta uku. Tsarin wutarta 1-3-4-2. Na ga yara da yawa sun rikita wayoyin fulogi saboda wannan, su wuni suna zagin kafireta.

In an gyara tafet ba ta tashi ba, sai a cire kan inji a kai a wasa bawul. To a nan ne nake roƙonka ka tsaya a kansu. Da zarar an ɗaga kan, silib ɗin nan huɗu ba abin da ke danne su. Wani yaro ya juya injin, fistin ya ture silib sama, abin da ke tare ruwa a gindinsa ya motsa. A mayar da komai, bayan sati biyu ka ga ruwa a cikin bakin mai, a ce maka ai dama injin ya gaji. Dole a danne su da ƙusa da faffaɗan washa kafin a taɓa komai. Kuma in za ka sayi wani abu na ciki, ka fara tabbatar da wane inji ne. Akwai mai cc 1796, akwai mai cc 1971. Faɗin silindar na farko milimita 84, na biyu 88. A ido kamar ɗaya suke, kayansu ba sa shiga na juna.

Hajiya Maman Sadiq: Ku kuna ta inji, ni birki nake tunani. Yara za a ɗauka a motar nan.

Injiniya Mai Geji: Gaskiyarki Hajiya, kuma da shi ya kamata mu fara. Man birki yana jan danshi daga iska, shekara tara ya isa ya sa tsatsa a cikin masta da kalifa. A zubar da shi duka, a canza robobin ciki, a canza tiyo na roba da ke zuwa kowace ƙafa ko da a ido suna da kyau, domin ta ciki suke kumbura. Kulocinta ma da mai yake aiki, a yi masa haka. A leƙa baya a gani, wasu 504 faranti ne ƙafa huɗu, wasu ganga ce a baya. Tayoyi kuwa kada zanensu ya ruɗe ka. Duba gefen taya bayan rubutun DOT, akwai lamba huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. In lamba uku ka gani, an yi ta kafin shekarar 2000. Ko wacce ce, tayar da ta shekara tara a zaune wuri ɗaya ba ta hawa titin Kaduna.

Baban Ummi: Alhamdu lillahi! Oga, Allah ya saka da alheri. Mun buɗe da asuba. Bawul ɗin fita na silindar nan ko filageji mafi siriri bai shiga ba, a ɗaure yake gam. Muka daidaita takwas ɗin duka. Muka bar ta ta yi zafi, muka yi ɗan zagaye a unguwa bayan an gama birki, muka sake aunawa: ta tashi daga 7 zuwa 9.4. Silo ɗin ma ya canza, da sitiyari yana ɗan karkarwa, yanzu ya kwanta. Injin mai 1971 ne. Na kira yayana ya zo ya gani, ya zauna a kujerar Baba ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya buɗe aljihun dashbod ya ciro carbin Baba da wani ɗan littafi. Ashe duk canjin mai da ya yi tun 1984 yana rubutawa, da kwanan wata da kilomita, da rubutun ajami. Maganar 'yan gwangwan dai ta mutu.

Direban Maraɗi: Allahu akbar. Allah shi jiƙan wannan dattijo. Littafin nan ya fi duk wani awo da mu ka yi.

Injiniya Mai Geji: Madalla. Sai dai 9.4 tana nuna bakin bawul ɗin ya ɗan ji wuta, ko akwai dattin gawayi a mazauninsa. Tana cikin iyaka, ba sai an buɗe yanzu ba. Ka yi kilomita dubu ka sake aunawa. In tana hawa, datti ne yake wankewa. In tana sauka, a wasa shi kafin ya ƙone.

Saura gwajin hanya. Ga abin da za ka lura da shi. In ta yi zafi sosai ka tsaya, ka kalli jar fitilar mai a silo. In tana ƙyaftawa, mital ya yi sako-sako ko famfon mai ya gaji, kuma kada a rufe maka ido da mai mai kauri. Sa giya ta huɗu tana tafiya a hankali kamar 40, ka take totur. In inji ya yi ihu mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci na zamewa. In ka ji ƙarar kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, taimin ya yi gaba da yawa. A gangara ka ɗaga ƙafa na ɗan lokaci, sannan ka taka, wani ya duba baya: in shuɗin hayaƙi ya yi tsalle sau ɗaya, mai na bi ta hanyar bawul. Ka riƙa takawa kana saki a giya ta uku, in akwai ƙwal-ƙwal daga ƙarƙashi, haƙoran farfela ne ko robobin da ke riƙe da aksul.

Direban Maraɗi: Da zafi. Fijo ba ta tsoron rami, zafi ta ke tsoro, don kan injinta alminiyam ne, in ya dahu sau ɗaya sai ya lanƙwashe. Na taɓa bin Hawan Kibo zuwa Jos da lodi cikin watan Afrilu, allura ta hau ja, ban tsaya ba don ina ganin saura kaɗan in kai sama. Wannan saura kaɗan ɗin ya ci mini kan inji. Shawarata, a wanke lagireto, a cire tamostat a jefar. Don ƙasar sanyi aka yi shi. Mu nan duk haka mu ke yi.

Injiniya Mai Geji: A nan za mu rabu, Alhaji. Tamostat ba ya sa mota zafi sai in ya mutu a rufe. Aikinsa ya kai inji zafin da ya dace da wuri ya riƙe shi a nan. In babu shi, da sanyin hunturu ka tashi daga Zariya da asuba, injin zai yi ta tafiya da sanyi, fetur ba ya ƙonewa duka, yana wanke man jikin silib, cin ƙarfe na ƙaruwa, shan mai na ƙaruwa. Motar da ke tafasa, a nemi dalilin: lagireto ya toshe da gishirin ruwan rijiya, ko murfinsa ba ya riƙe matsi, ko fanbel ya saki, ko famfon ruwa ya cinye, ko fanka ba ta kamawa. Gwada shi ma ba wuya, a jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, a ga ko zai buɗe kafin ruwan ya tafasa.

Direban Maraɗi: Injiniya, kai kana magana da littafi, ni ina magana da hanyar Dakwaro cikin bazara. In ya maƙale maka a daji, ina za ka samu tukunya?

Oga Na Panteka: Ni na cire da yawa da hannuna, ba zan ɓoye ba, saboda na kasuwa da yawa jabu ne, gara babu da mugu. Amma in an samu na asali, a bar shi. Motar Baban Ummi ba haya za ta yi ba. Fankar ce nake so a duba. Da yawansu suna da fanka mai maganaɗisu, ba ta kamawa sai ruwa ya yi zafi, za ka ji ta yi ƙat ta fara huci. Shekara tara, wayar ko ɗan gawayin da ke ba ta wuta zai iya mutuwa. A tsaya a gabanta tana silo har allura ta wuce rabi. In ba ta kama ba, ko a gyara, ko a ɗaure ta ta riƙa juyawa kullum.

Sabon Jini: Na karanta duka, kuma na janye maganar canza inji a kan wannan motar. Amma kwantak fa? Akwai na lantarki da ake sawa a cikin distirbuta, ba a ganinsa daga waje. Shi ma haramun ne?

Ɗan Kakuri: Wannan ba laifi, ɗana, tunda ba a yanka komai, ranar da aka ga dama a mayar da na da. Sai dai a ajiye kwantak da kwandensa a aljihun mota. Na lantarki in ya mutu ya mutu, kwantak kuwa ko a gindin bishiya ka goge shi ka ba shi tazarar 0.40 ka isa gida.

Baban Ummi: Na sayi tayoyi huɗu, an wanke lagireto, abin da ya fito kamar kunun kanwa. Tamostat ɗin yana ciki, mun dafa shi a tukunya a gaban Inna, ya buɗe, mun mayar. Alhaji Direba ka yi haƙuri. Fanka ba ta kamawa, waya ce ɓera ya ci, an gyara. Jiya mu huɗu muka je Funtuwa muka dawo da azahar. Allura ba ta wuce rabi ba, fitilar mai ba ta ƙyafta ba, kuloci bai zame ba. Abu biyu na lura: giya ta biyu tana ɗan gurnani in na sauko daga ta uku da sauri, kuma in na taka birki da ƙarfi tana ja hagu kaɗan. Mai kuwa lita 13 ta sha a kilomita ɗari.

Oga Na Panteka: Giya ta biyu sinkuro ne ya fara gajiya, ka canza man giyabos ka riƙa shiga da ita a hankali, za ta kai ka shekaru. Sha ukun nan kafireta ce, a wanke jet a duba fulot, za ta sauko. Amma jan hagu ba abin jira ba ne, kalifar dama ce ba ta kamawa sosai, wataƙila fistin ɗinta ya cije da tsatsa. Kada ka ɗauki iyali sai an buɗe ta.

Direban Maraɗi: Ba komai Baban Ummi, motarka ce. Amma ka sa galan na ruwa da fanbel a but, ka ji. Watan Afrilu na nan tahe, sa'annan ka ba mu labarin tamostat.

Ɗan Kakuri: In an gama kalifar, ka kawo ta Kaduna ranar wata Asabar, ka taso da sassafe, kada ka wuce 80 a wannan tafiyar ta farko. Ina so in ji silonta da kunnena, Injiniya kuma ya zo da gejinsa. Ka taho da littafin Baba, akwai abin da nake son dubawa: ko an taɓa canza kacar taimin, kuma a kilomita nawa.